Ranar da Gwadabe Lauya Ya Ci Shari'a a Ajingi

A shekarar da aka mayar da motoci hannun dama ne Gwadabe ya dawo Gaya daga Zariya, da akwatin kwali a ka da labari fal a baki. Karatunsa dai a aji huɗu ya tsaya, ranar da ya zura wa malamin lissafi ƙadangare a aljihun riga. Daga nan ya gangara Zariya ya sami aikin shara da jera kujeru a wata makaranta da ake koyon aikin lauya. Bai cika shekara ba aka sallame shi. Amma a Gaya ba haka labarin ya iso ba. Duk inda ya zauna sai ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ya ce, "Lokacin da muke karatun lauya..." Kafin wata ya ƙare ya raɗa wa kansa suna Gwadabe Lauya, kuma in ba ka haɗa da Lauyan ba, ba ya amsawa.

Shi da matarsa Hajara a gidan ƙanin mahaifinsa suke zaune, wato Baffa Datti, manomin gyaɗa mai kiwon raguna. Damina ta zo ta wuce Gwadabe bai taɓa ƙotar fartanya ba. Da aka gama cire gyaɗa, aka ɗaure harawa aka jibge ta a kan rufin soro don ragunan su ci da rani, sai Baffa ya kira shi zaure.

"Gwadabe, an yi shuka ba ka, an yi noma ba ka, an cire gyaɗa ba ka. Tuwo ne kawai ba a taɓa ci ba ka ba."

"Baffa, ai ni ƙwaƙwalwa nake nomawa."

"To yaushe za a yi girbin?"

Nan take dabara ta faɗo wa Gwadabe. A can Zariya ya sha leƙen ɗalibai ta taga suna wani abu da ake kira shari'ar gwaji, inda ake ƙago ƙara, a raba lauyoyi gida biyu, su yi ta kafsawa a gaban alƙali har a faɗi gwani. Ya ce shi zai shirya irinta tsakanin samarin Gaya da na Ajingi, shi ne zai tsaya wa Gaya, kowa ya gani da idonsa.

Baffa ya shafa gemu. "Shi ke nan. In alƙali ya faɗa da bakinsa cewa kai ka ci, zauren nan ya zama ofishinka, kuma ba za ka sake jin kalmar fartanya daga bakina ba. In ka faɗi, baɗi kai ne na farko a gona, kai ne na ƙarshen tashi."

"Baffa, ka sa a fara share zauren."

Ranar kasuwar Ajingi ya hau keken aro ya tafi. A teburin mai shayi ya tarar da Hamma, sarkin samarin garin, ƙato mai wuya kamar turmi, tare da Tukur tela, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Gwadabe ya ƙalubalance su, suka amsa kafin ya rufe baki, don ba a taɓa jin Gaya ta kira Ajingi wasa ta noƙe ba. Sannan ya gyara zama ya shiga zayyana musu dokoki.

"Ƙarar ita ce, saniyar makiyayi ta cinye harawar manomi. Ƙuri'a za a jefa, wanda ta ba ka shi za ka kare."

Tukur ya ce, "Ko da na san shi ne mai laifi?"

"Ai shi ne lauyanci."

"Ikon Allah. Mu a nan wani suna muke kiransa."

Gwadabe ya yi kamar bai ji ba. "Lauya in ya miƙe, fuskarsa na kan alƙali har a kaɗa ƙararrawa. Wanda ya waiwaya, ko maciji ne a bayansa, ya faɗi. Alƙali na da ikon jefo tambaya, dole a amsa. Su kuma 'yan kallo, ba magana, ba tari mai ƙarfi, ba miƙewa tsaye. Wanda ya karya, a ɗauke shi cak a fitar."

Hamma ya murza yatsu suka yi ƙara. "Wannan ta ƙarshen a bar mini ita."

Matsala ta fara ne da dattawa. Duk wanda aka gayyata sai ya tambayi saniyar wa ce. A ce masa babu saniya. Harawar wa ta ci? Babu harawa. To me za a je gani? Malam Badaru na Kademi, tsohon muhutin kotu, wato mataimakin alƙali, da ɓangarorin biyu suka yarda ya yi alƙalanci, shi ma ya ƙi.

"Yaro, na tsufa a gefen alƙalai, ban taɓa ganin an yi shari'a a kan iska ba. In akwai saniya, a kawo ta in gani. In akwai harawa, a ajiye ta a gabana. In babu, ka bar ni in ji da ciwon gwiwata."

Gwadabe ya san a Zariya ba a kawo ko kaza. Amma babu alƙali, babu zaure. Ya buga ƙirji ya ce, "Malam, za ka ga hujjar da ba a taɓa kaiwa wata kotu ba."

Sai batun kayan ado. Lauya dai ba ya tsayawa sai da baƙar riga da farin gashi a ka. Ya buɗe adakar Hajara ya zaro zanenta na shuni, bugagge mai ƙyalli, wanda take ajiya don biki. Ya samo auduga ya ɗinka a jikin tsohuwar hularsa, da ta ƙi tsayawa sai ya jiƙa ta da kamun kokon gidan ya shanya a rana har ta yi ƙyam.

Hajara ta fito daga madafa ta tsaya tana kallonsa. "Malam, wannan kuma fa? Tunkiya aka yi wa aski?"

"Ke ba ki san komai ba. Haka manyan lauyoyi suke sawa."

"Su ma da kamun matansu suke yi? Kuma zanen nan yana zuba, na gaya maka. In ka yi gumi za ka koma kamar wanda ya faɗa karofi."

"Lauya ba ya gumi. Wanda yake karawa da shi ne yake yi."

Saniya kuwa wajen Bubayero ya nemo ta, wani Bafulatani da ya sauka da garkensa a gonakin bayan kasuwar Ajingi suna cin kara. Gwadabe ya zaga garken ya nuna wata fara ƙal mai manyan ƙaho.

Bubayero ya girgiza kai. "Ɗauki wata dai. Wannan ita ce uwar garke. In ta yi kuka sau ɗaya, aradu duk sauran sai sun zo."

"Buba, kotu ce fa. Ramammiya zan kai wa alƙali? Wannan nake so."

Ran shari'a da hantsi Baffa Datti ya tafi suna Kademi, ya ce daga can zai wuce Ajingi. Yana ba da baya Gwadabe ya tare wata motar gyaɗa da za ta Ajingi ba kaya, ya hau soro ya fara jefo harawa. Da niyyar dami biyu ya hau. Da ya dube su a cikin motar sai ya ga ba su cika ido ba, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har rufin soro ya koma fes kamar an share.

Hajara ta ɗaga kai daga tsakar gida. "Ka tambayi Baffa?"

"Aro ne. Kafin la'asar ta dawo, ko ganye ɗaya ba zai ɓata ba."

A ƙarƙashin wata babbar tsamiya a gefen kasuwa aka kafa kotu. Aka ajiye wa Malam Badaru kujera da buzu, aka jera bencina a dama da hagu, Gaya a nan, Ajingi a can. Masu tallan nono da ƙosai suka sauke kayansu suka yi layi a baya. Gwadabe ya sa aka tara harawar ta yi tsibi a ƙarshen fili, daidai inda alƙali zai riƙa hangenta. Ya karɓi igiyar saniyar daga hannun Bubayero ya ɗaure ta a wani turke nesa kaɗan.

Bubayero ya leƙa ɗaurin. "Wannan ba zai riƙe ba."

"Ɗaurin Zariya ne. Je ka zauna."

Aka kawo kara biyu, dogo da gajere, aka jefa ƙuri'a. Gwadabe ya zaro dogo, wato shi ne lauyan manomi, shi ne kuma zai fara. Tukur tela ne zai tsaya wa makiyayi. Ya ce dama shi yake so. Ya yafa zanen Hajara, ya ɗora hular auduga, ya taka zuwa tsakiyar fili ya rusuna wa alƙali har hular ta kusa faɗuwa. Yanzu fuskarsa na kan Malam Badaru, saniya da harawa suna bayansa. Hamma ya kaɗa ƙararrawar da aka aro daga makaranta, wuri ya yi tsit.

"Ya Mai Shari'a! Ni ne Gwadabe Lauya, wanda Zariya ta sani, Kano ta ji labari, yau Ajingi za ta gani!"

Ya shiga zuba. Ya fara daga wahalar manomi, yadda yake fita da sanyin asuba, rana ta gasa masa baya, ƙaya ta soke shi, kunama ta harbe shi. Wanda bai san shi ba sai ya rantse a kunyar gona aka haife shi. Mutanen Gaya suna ta gyaɗa kai. Rana ta take, gumi ya karyo, shuni ya fara gangarowa daga kafaɗa zuwa wuya, ya share da hannu ya shafa a goshi.

A bayansa kuwa farar saniya ta ja igiya sau ɗaya, ɗaurin Zariya ya warware kamar zaren saƙa. Ta taka a hankali zuwa tsibin harawa, ta shinshina, ta ɗaga kai ta yi kuka mai tsawo.

"Ka ji ko, Ya Mai Shari'a?" in ji Gwadabe, bai waiwaya ba. "Ita da kanta ta amsa laifinta!"

Ɓangaren Ajingi ya ɗauki wani irin gunji, kowa ya toshe baki da hula. Gwadabe ya ɗauka daɗin maganarsa ne ya kama su, ya ƙara ɗaga murya.

Ba a jima ba ƙura ta taso daga gonakin bayan kasuwa. Garken Bubayero ne, manya da maruƙa, suka zo suka kewaye tsibin. Bubayero ya zabura ya miƙe da sandarsa zai kore su, sai ya ji hannun Hamma a kafaɗarsa. Hamma ya nuna masa Gwadabe, ya nuna masa benci. Bubayero ya dubi shanunsa suna cin harawar da ko a mafarki bai taɓa saya musu ba, ya koma ya zauna, ya ɗora sanda a cinya. Doka ai doka ce.

Wani saurayi daga Gaya ya kasa daurewa. "Lauya! Bayanka!"

Gwadabe ya yi murmushi. Ya san wannan dabarar, so ake ya waiwaya ya faɗi. "Ya Mai Shari'a, Ajingi ta sayi wani a cikinmu. A fitar da shi!"

Hamma ya ɗauke shi cak. Na biyu ya yi magana, aka ɗauke shi. Na uku tari kawai ya yi mai ƙarfi, shi ma aka ɗauke shi.

Daidai nan Baffa Datti ya iso daga Kademi, ya ratso taro yana neman wurin zama. Idonsa ya faɗa kan wani dami da bijimi ke ja, ya ga ɗaurin kaba mai kunne biyu, irin wanda duk Gaya shi kaɗai yake yi.

"Innalillahi! Harawata! Gwadabe! Kai Gwadabe, don ubanka, harawata!"

Gwadabe ya gane muryar sarai. Ya ɗauka faɗan aron da bai tambaya ba ne, abin da za a shirya a gida in an ci shari'a. Ya ƙame wuya kamar soja.

"Ya Mai Shari'a, a kotu babu Baffa. A fitar da dattijon nan, amma a hankali."

Aka ɗauki Baffa Datti sama, ƙafafunsa na harbin iska, rawaninsa na warwarewa, aka kai shi gindin wata darbejiya aka zaunar.

Malam Badaru, wanda tun ɗazu yake kallon komai ta saman kafaɗar Gwadabe, ya gyara tabarau ya yi gyaran murya.

"Lauya, ina da tambaya. In ba mai saniyar ne ya kai ta wurin harawar ba, wani ne daban ya karɓe ta ya kai ta, wa ke da laifi?"

"Wanda ya kai ta, Ya Mai Shari'a! Saniya ba ta da hankali, shi yana da shi."

"In mai saniyar ya gargaɗe shi fa?"

"Laifinsa ya zama biyu."

"In kuma ɗan'uwan mai harawar ne? A ce gida ɗaya suke kwana."

"Ko ɗan cikinsa ne! Shari'a ba ta san zumunci ba."

"Madalla. To wane hukunci kake nema? Tara?"

Gwadabe ya yi dariyar manya. "Tara? Ai irin waɗannan mutane ba su san zafin noma ba, shi ya sa. A sa shi ya ciyar da dabbobin mai harawa duk rani, ya yiwo musu ciyawa, ya kaɗo musu gawo. In damina ta faɗi a miƙa masa fartanya, ya nome gonar tun daga shuka har cira, ya ɗaure harawa da hannunsa ya mayar da ita inda ya same ta!"

"Ba sassauci?"

"Ko na ƙwayar gyaɗa!"

Hamma ya kaɗa ƙararrawa. Malam Badaru ya juya ga lauyan makiyayi. Tukur ya miƙe, hawayen dariya na zuba a kumatunsa, ya rusuna.

"Ya Mai Shari'a, ni tela ne, na san ɗinki in ya yi kyau. Wannan ba inda za a ƙara masa zare. Duk abin da ya faɗa na yarda. Ajingi ta sallama."

Gwadabe ya ɗaga hannu biyu sama. Bai kai ga sauke su ba ya ji wani numfashi mai ɗumi a ƙeyarsa, sannan wani abu mai kaushi ya lashi kunnensa. Farar saniya ce, ta gama da harawa ta biyo ƙanshin kamu. Ta cafke hular lauya ta ɗaga kai da ita.

Sai a lokacin ya waiwaya. Inda tsibi yake ɗazu, babu komai sai igiyoyin kaba da kashin shanu. Maruƙa na lasar ƙasa. Can gindin darbejiya Baffa Datti na zaune riƙe da rawaninsa a hannu. Dariyar da aka daɗe ana dannewa ta fashe gaba ɗaya, har masu nono suna riƙe ƙwarya kada ta kife. Ga Gwadabe tsaye, kai ba hula, fuska da wuya shuɗi kamar an tsamo shi daga rini.

Malam Badaru ya ɗaga hannu aka yi shiru. "A dawo da dattijon nan." Aka dawo da Baffa, wannan karon da ƙafarsa. "Gasa dai Gaya ta ci. Gwadabe ya ci shari'a, ban taɓa jin lauyan da ya kare manomi kamarsa ba."

"Baffa, ka ji! Da bakinsa ya faɗa!"

"Saura hukunci," in ji Malam Badaru. "Wa ya kawo saniyar nan?"

Fili gaba ɗaya ya amsa, "Lauya!"

"Bubayero, ka gargaɗe shi?"

"Sau biyu, Allah ya gafarta Malam. Na tashi korarsu kuma aka ce doka ta hana."

"To kotu ta karɓi duk abin da lauyan manomi ya roƙa, ba ragi."

Gwadabe ya yi tsalle. "Malam, ai shari'ar gwaji ce! Ƙage ne! Babu saniya, babu harawa!"

Malam Badaru ya nuna saniyar da ke tauna auduga a gefensa. "Harawa kam yanzu babu. Amma wannan fa, akuya ce?"

"Zan ɗaukaka ƙara!"

Tukur ya ce, "Wa zai tsaya maka? Lauyan da ya kayar da kai duk ƙasar nan ba mai iya masa."

Gwadabe ya juya ga Baffansa, murya ta yi ƙasa. "Baffa, ka yi alkawari. Ka ce ba zan sake jin kalmar nan daga bakinka ba."

Baffa Datti ya gama naɗa rawaninsa tsaf kafin ya amsa. "Ka ji ta daga bakina? Kai ka faɗe ta, a gaban garuruwa biyu. Zaure kuma naka ne, ba na saɓa magana."

Bai saɓa ba kuwa. Washegari Gwadabe ya tarar an share zaure, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an kafa ƙusa a bango an rataye lauje da wata sabuwar fartanya, ba wanda ya ce masa uffan. Hajara ta karɓi zanenta ta duba, ta ce in ya dawo daga yankan ciyawa akwai magana.

Duk ranin nan ana ganinsa da buhu a ka yana bin gindin gawo, raguna na jiransa a ƙofar gida. Da damina ta faɗi, masu wucewa kasuwar Ajingi kan tsaya a bakin gonar Baffa Datti su ɗaga murya.

"Lauya, sannu da aiki! Yaya kotu?"

Sai ya miƙe daga kunya, ya dafe ƙugu, ya share gumi, ya nuna su da fartanya.

"Ku yi ta dariya. In kun isa Ajingi ku tambaya, ran nan wa ya ci?"